Gyambon da Ya Ƙi Jin Magani: Jagorar Gwajin PCR na Ciwo ga Masu Jinya a Kano

Duk wanda ya taɓa jinyar mai gyambon ciwon suga, ko mai ƙunar wuta, ko matar da ɗinkin tiyatar haihuwa ya buɗe mata, ya san yadda abin yake tafiya a garin nan. A fara da amfikulos daga kemis ɗin unguwa, a koma sifro, a fasa kafso ja da yalo a barbaɗa a bakin ciwon, daga nan a shiga allurar seftiriyazon. Sai kuɗi sun ƙare, ƙafa ta fara wari, sannan wani ya ce ai akwai gwajin da ake yi a gane ƙwayar cutar da maganin da take ji. Wannan gwajin, wanda yake iri biyu, kalca da PCR, kamata ya yi a fara da shi, kuma shi ne nake son in bi da kai daki-daki.

Lamarin ba ƙarami ba ne. Binciken da mujallar likitoci ta Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya kai tsaye saboda ƙwayoyin bakteriya da suka daina jin magani, kuma yankin da abin ya fi muni idan aka kwatanta da yawan jama'a shi ne Afirka ta Yamma, wato nan inda muke.

Mataki na farko: a tabbatar ciwon yana bukatar gwaji

Babu buɗaɗɗen ciwon da ba ƙwayoyin cuta a samansa. Ko ciwon da yake warkewa lafiya lau ka shafa wa auduga ka kai ɗakin gwaji, za a samu wani abu. Don haka idon likita ne yake fara yanke hukunci, ba na'ura ba. Abin da yake dubawa shi ne kumburi, jan fata a kewayen ciwon (a baƙar fata sau da yawa sai dai ka ga wurin ya ƙara duhu yana sheƙi), zafi idan an taɓa, raɗaɗin da yake ƙaruwa, da mugunya. A ƙafar mai ciwon suga, idan biyu daga cikin waɗannan suka haɗu, ana ɗauka ƙwayar cuta ta kama ciwon. Kaluluwa, wari, da naman da yake baƙi suna ƙara ƙarfafa zato.

Idan kuwa akwai zazzaɓi mai zafi, ko numfashi sama-sama, ko majiyyaci ya fara ruɗewa, ko kumburin yana hawa ƙafa cikin sa'o'i, to wannan ba maganar neman ɗakin gwaji ba ce. A wuce sashen gaggawa kai tsaye, ko a Asibitin Murtala, ko na Malam Aminu Kano, ko Nasarawa, ko Asibitin Ƙashi na Dala idan karaya ce ta ruɓe. Can za su ɗauki samfur su fara magani nan take ba tare da jiran sakamako ba.

Mataki na biyu: ka san gwajin iri biyu ne

Tsohon gwajin shi ne kalca, wanda likita yake rubutawa a takarda da haruffan M/C/S. Ana shafa samfurin a faranti mai abincin ƙwayoyin cuta, a ajiye a ɗumi daidai da na jikin mutum, digiri 35 zuwa 37, har su tsiro. Sannan a shuka wadda ta tsiro a wani farantin, a jera ƙananan fayafayan takarda masu ɗauke da magunguna daban-daban. Washegari idan ka ɗaga farantin a haske, za ka ga wani faifan an yi masa fili fes a kewaye, ƙwayar ta kasa matsowa, wani kuma ta tsiro har jikinsa. Faɗin wannan filin ake aunawa da milimita a ce magani kaza yana aiki, kaza ba ya yi. Duka aikin yakan ci kwana biyu zuwa uku.

PCR kuwa ba ya jiran komai ya tsiro. DNA ɗin ƙwayar cutar yake nema, wato rubutun gadon da ke cikinta. Ba'amurke Kary Mullis ne ya ƙirƙiro dabarar a 1983, ya ci kyautar Nobel a kanta a 1993, mu kuma a Kano yawancinmu sai a 2020 lokacin korona muka ji sunanta, duk da cewa na'urar GeneXpert da ake gwada majinar masu tarin fuka da ita, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita tun 2010, PCR ɗin ce take yi. Yana iya gaya maka abu biyu cikin 'yan sa'o'i: wace ƙwaya ce a ciwon, kuma tana ɗauke da alamar gado ta bijire wa wani magani ko babu.

Sai dai aikinsa irin na mai cigiya ne: sunan da aka ba shi kaɗai yake kira. Idan an shirya gwajin don ƙwayoyi goma, ta sha ɗaya ko ta cika ciwon ba zai ambace ta ba. Kuma ba ya bambanta ƙwaya mai rai da wadda magani ya riga ya kashe, tunda gawar ma tana da DNA. Shi ya sa ƙa'idojin ƙasa da ƙasa na kula da ƙafar masu ciwon suga, a bugun 2023, suka ce a fara da kalca, ba da gwajin DNA ba. Ni ma ra'ayina ke nan, kuma ina faɗa da babbar murya saboda ina ganin yadda talla take jan mutane: wanda kuɗinsa na gwaji ɗaya ne, ya yi kalca. PCR ƙari ne a kansa.

Inda PCR yake cin kuɗinsa shi ne wuri huɗu. Majiyyacin da ya sha magunguna har kalca ya daina tsirar da komai alhali ciwon yana ci. Wanda jikinsa ya yi tsanani har kwana uku na jira suna da haɗari. Wanda ya daɗe a kwance a asibiti, ko aka sa masa ƙarfe a ƙashi, ana zargin ƙwaya mai taurin kai. Sai kuma ciwon da ake zargin ƙwayarsa ba ta tsira a farantin yau da kullum, kamar ƙurjin wuya da ya fashe ya daɗe yana tsiyaya, wanda sau da yawa tarin fuka ne na kaluluwa. Wannan na ƙarshen, GeneXpert tana gwada ruwan da aka zuƙo daga ciki, ta kuma faɗi ko ƙwayar tana jin rifamfisin, ɗaya daga magungunan tarin fuka, cikin kimanin sa'a biyu.

Mataki na uku: tambayoyi kafin ka zaro kuɗi

Ba kowane ɗakin gwajin da yake da na'urar PCR ne yake gwajin ciwo ba. Na'ura daban, kayan gwajin kowace cuta daban. Ka je da takardar likita, ka yi sallama, ka ce: "Malam, wannan gwajin a nan kuke yi ko aikawa kuke? Waɗanne ƙwayoyi yake nema, waɗanne alamomin bijirewa? Da wane irin tsinke ko kwalba kuke so a kawo? Kwana nawa, kuma nawa ne?" Idan sai an aika Abuja ko Legas sakamako ya dawo bayan mako, saurin da za ka biya kuɗi dominsa ya tafi, kalcan gida zai riga shi fitowa.

Ka kuma ɗaga kai ka duba bango. Ɗakin gwaji na ƙwarai yana da rajistar hukumar MLSCN, mai kula da ɗakunan gwaje-gwajen lafiya a Najeriya. Tambayar wuta ma ba rashin kunya ba ce. Sinadaran PCR da yawa a firiza ake ajiye su, na'urar GeneXpert ba a so ɗakinta ya wuce digiri 30, ga shi kuma watan Afrilu a Kano zafi yana haura 40. Wurin da ba sola ko inbata, idan aka ɗauke wuta a tsakiyar aiki, gwajin ya lalace sai an sake.

Mataki na huɗu: ɗaukar samfur

A nan gwaji yake gyaruwa ko ya ɓaci, kuma a nan aka fi sakaci. Na'urar miliyoyin naira ba ta iya gyara samfurin da aka ɗauka ba daidai ba, hasali ma tsananin ganinta yana ƙara ɓata lamarin, domin duk dattin da aka kwaso daga saman fata sai ta karanto shi.

Da farko a gaya wa likita gaskiyar abin da aka sha da abin da aka shafa: sunan kafso, kwana nawa, allura nawa, garin magani, zuma, toka, man shanu, ganyen da mai ɗori ya ɗaura. A zo da kwalayen idan suna nan. Ba don a yi wa kowa faɗa ba ne, don a san yadda za a fassara sakamako ne. Mafi kyau a ɗauki samfur kafin a fara magani. Wanda ya riga ya fara kuma kada ya tsayar da kansa. A tsohon ciwon ƙashi da ba ya barazana ga rai, likita yana iya dakatar da magani na wasu kwanaki, har zuwa mako biyu, kafin a ɗebi ƙashin, amma wannan shawararsa ce shi kaɗai.

Ga yadda aikin yake idan ana yin sa daidai, don ka gane idan ka gani. Nas za ta wanke hannu ta sa safar hannu. Za ta cire tsohon bandeji, ta wanke ciwon da ruwan gishirin asibiti, irin na ƙarin ruwa, ba da aidin ko sifirit ba, domin su suna kashe ƙwayar da ake nema. Za ta share tsohuwar mugunyar da ta kwanta, a kankare mataccen nama da ɓawon da ya bushe, har jan nama mai rai ya bayyana. Sai ta sauya safa, ta buɗe sabon tsinken auduga daga ledarsa, ta ɗora kansa a kan wannan jan naman, ta murza shi a wuri ɗan ƙarami kamar faɗin farce, santimita ɗaya, na daƙiƙa biyar, tana dannawa har ruwan cikin naman ya tsattsafo ya jiƙa audugar. Ba za ta bari ya taɓa fatar gefe ba. Majiyyaci zai ɗan ji zafi, gara a gaya masa tun kafin a fara. Idan ka ga an lakato mugunyar da ke jikin bandeji an ce an gama, ka yi magana cikin ladabi: "Sista, don Allah ko za a wanke tukuna a ɗauko daga ciki?"

Tsinken auduga shi ne mafi rauni a cikin samfura. Mugunyar da aka zuƙo da sirinji daga ƙurjin da bai fashe ba ta fi shi. Ɗan guntun nama da likita ya kankaro daga gindin gyambo ya fi su duka, kuma shi ake so a ƙafar mai ciwon suga. Idan ana zargin cutar ta kai ƙashi, kamar yadda yake faruwa ga masu sikila da masu karayar da ƙashi ya huda fata, to ƙashin ake ɗiba, domin ƙwayar da ke bakin rami ba lalle ita ce a ciki ba. Naman da za a kai kalca ko PCR a kwalba mai tsabta ake sa shi da ɗan ruwan gishiri, ba a cikin sinadarin fomalin ba, shi wannan na masu duba nama don gano daji ne. Gyambon da ya shekara da shekaru bai rufe ba, musamman a kan tsohon tabon ƙuna, yana da kyau a aika musu nasu guntun daban.

A ɗauki samfur biyu, ɗaya na kalca ɗaya na PCR, sai dai idan ɗakin gwajin ya ba da kwalba mai ruwa da take isar duka biyun. A rubuta suna, lambar kati, wurin ciwon (ƙafar hagu, diddige), rana da lokaci, a jikin kwalbar tun a gaban majiyyaci.

Mataki na biyar: kai shi

Yawanci ɗan'uwan majiyyaci ake miƙa wa kwalbar. Kai tsaye za ka wuce, cikin sa'a biyu ya isa hannun masu gwaji. Kada ka sa a aljihu ka biya kasuwa, kada a bar shi a gaban mota rana tana dukansa. Idan tafiyar da nisa ko cunkoso, ka tambayi ɗakin gwajin ko a sa shi a kula mai ƙanƙara, domin na PCR yana son sanyi, amma wasu ƙwayoyin da ake nema a kalca, waɗanda ba sa son iska, firji yana kashe su.

Mataki na shida: abin da ke faruwa bayan ƙofa

Za a fasa ƙwayoyin da sinadari a tace DNA ɗinsu. A haɗa shi da wasu gajerun zaruruwa da aka ƙera don su manne da alamar da ake nema kaɗai, da wani sinadari mai kwafi wanda asalinsa daga wata bakteriya mai rayuwa a maɓuɓɓugar ruwan zafi aka samo shi. Na'ura za ta ɗaga zafi zuwa kusan digiri 95 igiyar DNA ta rabu biyu, ta sauke zaruruwan su manne, mai kwafi ya kwafa. Kowane zagaye adadin yana ninkuwa, zagaye 30 ya mai da ƙwaya ɗaya kusan biliyan. Idan alamar tana nan, haske yana tashi na'ura ta gani. Tare da samfurinka ana gudanar da wanda aka san yana da alamar da wanda aka san babu, don a kama kuskure ko gurɓata.

Mataki na bakwai: karanta takardar

Da Turanci take zuwa. A gaban kowane suna za ka ga "Detected", an gani, ko "Not detected", ba a gani ba. "Invalid" yana nufin gwajin bai yi ba, a sake, ba wai babu cuta ba. Wasu suna ƙara lambar Ct, wato yawan zagayen da na'ura ta yi kafin hasken ya bayyana: idan ƙarama ce DNA ɗin da yawa, idan ta kusa 40 ɗan kaɗan ne, mai yiwuwa ma baƙuwa ce a saman ciwon.

Sashen farko sunayen ƙwayoyi ne. Staphylococcus aureus ita ce uwar ƙuraje da ciwon tiyata da na ƙashi. Pseudomonas aeruginosa tana son ƙuna da ciwo mai danshi, ita ce take mai da bandeji kore-kore. Escherichia coli, Klebsiella da Proteus 'yan hanji ne, suna yawan shiga ciwon ciki, na kwanciya da na ƙafar mai suga. Acinetobacter kuwa ta ɗakunan masu tsananin jinya ce.

Sashe na biyu shi ne alamomin bijirewa, kuma shi ne zuciyar gwajin. Idan an ga mecA tare da Staphylococcus aureus, ita ce ake kira MRSA, wadda aka fara ganowa a Ingila a 1961. Ma'anarsa amfikulos, Augmentin, seftiriyazon da kusan duk danginsu ba za su yi mata komai ba, ko an ninka allura. CTX-M alama ce ta sinadarin da ƙwayoyin hanji suke fitarwa su narkar da seftiriyazon, allurar da muka mayar ta kowane zazzaɓi. NDM, KPC, OXA-48, VIM da IMP sun fi haɗari, domin suna karya merofenem da 'yan'uwansa, magungunan da ake ajiyewa don ranar da komai ya ƙi. Ita NDM a 2008 aka fara gano ta a jikin wani majiyyaci a Suwidin da ya yi jinya a birnin Delhi na Indiya, yau kuma ta zagaye duniya. Alamar vanA ko vanB tana nufin bankomaisin, maganin da ake komawa gare shi idan an samu MRSA, ba zai yi wa Enterococcus, wata ƙwayar hanji, aiki ba.

Yanzu ga inda ake tuntuɓe. Takarda tana iya nuna ƙwayoyi huɗu da alamar bijirewa ɗaya, ba tare da ta faɗi wacce ce mai alamar ba. Alamar mecA, alal misali, tana nan a jikin wasu dangin Staphylococcus marasa cutarwa da ke zaune a fatar kowa, don haka ganinta kaɗai bai tabbatar da MRSA ba sai gwajin an ƙera shi don ya haɗa biyun. Haka nan "ba a gani ba" ba ya nufin kowane magani zai yi. Pseudomonas tana da wasu dabarun, tana toshe ƙofofin da magani yake shiga ko ta tunkuɗo shi waje, kuma yawancin gwaje-gwajen PCR ba sa neman waɗannan. PCR yana gaya maka maganin da ba zai yi ba. Wanda zai yi kuwa, takardar kalca ce take faɗa, inda aka sa S a gaban maganin da ƙwayar take ji, R a gaban wanda ta bijire wa, I kuma a tsakani.

A ganina amfaninsa mafi girma yana cikin abin da yake hanawa. Idan ya nuna babu MRSA, an huta da bankomaisin, mai tsada, mai bukatar ƙarin ruwa, mai iya taɓa ƙoda. Idan ya nuna CTX-M tun ranar farko, an huta da sayen kwalaben seftiriyazon na kwana uku da ba za su tsinana komai ba. Idan takardun biyu suka saɓa, kalca ya ce babu abin da ya tsiro PCR ya ce ga ƙwaya, likita zai koma ya dubi ciwon: idan yana sauƙi, mai yiwuwa gawa aka karanto, idan yana ci, maganin da aka sha ne ya hana tsiro.

Kada ka ɗauki takardar ka kai kemis ka ce a ba ka mai S. Wani maganin yana da S amma ba ya isa ƙashi, wani bai dace da mai juna biyu ba, wani kamar jentamaisin sai an duba ƙoda tukuna, ga shi masu ciwon suga da yawa ƙodarsu ta riga ta raunana. Likita zai zaɓi mafi ƙanƙanta da zai yi aikin, ya bar manyan a ajiye, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara tun 2017 da ta kasa magungunan gida uku.

Mataki na takwas: bayan an fara maganin da ya dace

Magani ba ya ratsa mataccen nama, ba ya shiga mugunyar da ta taru. Sai an fasa ƙurji, an ci gaba da kankare ruɓaɓɓen wuri, ana wankin ciwo a kan lokaci. Mai ciwon suga sai suga ya sauka kuma ya daina taka gyambon, ko da zuwa masallaci ne sai da sanda ko takalmin da aka gyara masa. Idan jini ba ya isa ƙafar, likitan tiyata ne zai duba, domin maganin da ke cikin jini ba zai kai inda jinin bai kai ba.

A saye magani a wurin da yake da rajista, a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, a sha a kan lokaci har adadin kwanakin da aka rubuta. Cikin kwana biyu zuwa uku ya kamata zazzaɓi ya sauka, raɗaɗi da kumburi su fara ja baya. Dabara mai sauƙi ita ce a zagaye iyakar kumburin da biro a ranar farko, kowace safiya a duba ko ya tsallake layin. Idan ya tsallake, a koma asibiti ranar, ba sai ranar da aka rubuta a kati ba. Ba a maimaita PCR don a ga ko an warke, tunda DNA ɗin matattun ƙwayoyi yana iya daɗewa a wurin.

Idan an samu MRSA ko ɗaya daga alamomin da ke karya merofenem, gida ma yana da aiki. Mai wankin ciwo ya wanke hannu da sabulu kafin da bayan aiki, majiyyaci ya ware tawul ɗinsa da soso da reza, tsohon bandeji a ƙulle a leda kada a jefa inda yara suke wasa, jariri da tsoho da mai wani buɗaɗɗen ciwo su nisanci shimfiɗarsa. Takardun sakamakon biyu a ɗauki hotonsu a waya a adana, kuma duk asibitin da aka sake zuwa, ko bayan shekara ne, a nuna su tun a teburin farko kafin a rubuta wani magani.